Shekarar da Iya Ta Sha Lissafi

Ku 'ya'yana, akwai wani labari da ake ba ku a kaina duk ranar suna ko biki, da zarar gwaggwanninku sun ƙoshi sun sassauta ɗaurin ɗankwali. Wai na kusa kashe kakata da hannuna, aka kore ni daga makaranta, ubana ya je yana kuka ya roƙa aka mayar da ni. Kowace shekara labarin ƙara ƙiba yake yi. Bara na ji an ce har suma ta yi sau uku. To yau zan faɗa muku yadda aka yi, kun kuwa san ni ba na ƙari a zance, sai ɗan gishirin da ko likita ba zai hana ba. Ba a kore ni ba, saura ƙiris dai. Iya kuma ta daɗe a duniya bayan abin, tana tauna ƙashin kaza da haƙoranta.

Gidanmu na cikin birnin Zariya, a wani lungu da in jaki ya shiga da kaya sai dai ya fito da baya. Magidanta biyu ne a gidan. Akwai Baffa, yayan mahaifina, alaramma mai makarantar allo a zaurenmu, dogo siriri, wanda in ya yi gyaran murya kajin unguwa kan dakata da tono. Akwai kuma Baba, kakanku, Ɗanjuma magini, gajere kakkaura, mai ƙarancin magana, kullum da busasshiyar laka a ƙwaurinsa. Sama da su duka akwai Iya, uwarsu, wadda ke zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗin auduga tana mulkin gidan ba tare da ta tashi ba. Ni lokacin ina da kamar shekara goma, ina karatu wajen Baffa, kuma na saba da dorinarsa fiye da yadda na saba da allona. Ba daƙiƙanci ba ne, bakina ne ba ya rufuwa. In aka biya mini aya sai na tambayi me take nufi, Baffa kuwa a wajensa yaro ya haddace tukuna, ma'ana sai ya yi gemu.

Ana nan sai wani saurayin malami, Malam Habibu, ya dawo daga karatu a gabas da tabarau a ido da akwati biyu na littattafai. Wani attajiri mai fataucin goro ya ba shi tsohon gida can ta wajen Kufena, ya buɗe makarantar addini ta yara maza, ba ta gwamnati ba, ba ta En'e ba, tasa ta kansa. Rufin ɗakin karatun yana yoyo, ga damina ta matso, sai aka kira Baba ya yi masa yaɓe. Aikin yini ɗaya ne, amma Baba ya ja shi kwana uku, domin ya gano wata 'yar kafa a rufin da in ya kwanta ya kara kunne yana jin duk abin da ake yi a ƙasa. Ran na uku ya dawo da la'asar, ko ƙafa bai wanke ba, ya durƙusa gaban Baffa a tsakar gida.

"Yaya, yau na ji abin da ya hana ni aiki. Wani yaro, bai kai wannan tsawo ba," ya nuna ni da haɓa, don ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, "ya miƙe ya fassara Fatiha kalma-kalma da Hausa. Shekara talatin ina karanta ta, sai yau a kan rufin mutane na san abin da nake roƙo. Ina so in kai shi can."

Baffa ya ajiye alƙalami a hankali. "A kan me suke zama?"

"Benci."

"Da me ake kiran su aji?"

"Wani guntun ƙarfen dogo ne aka rataya a bishiya, ana ɗan…"

"Ƙararrawa ke nan. Benci da ƙararrawa. To me ya rage su zama 'yan mishan na Wusasa, Ɗanjuma? Waƙa?"

Suka yi ta yi har mazarin Iya ya tsaya, wanda a gidanmu alama ce ta kowa ya kama bakinsa.

"Ya isa haka," in ji ta. "Malam, bar shi ya kai yaron. Kai kuma Ɗanjuma ka saurara. Ranar da yayanka ya samu abu ɗaya a makarantar nan da ya saɓa wa addini, ɗaya tak, ka dawo da shi zaure, babu gardama. Ka yarda?"

"Na yarda, Iya."

"Ɗaya tak," in ji Baffa, ya ɗaga yatsa, ya koma kan rubutunsa kamar wanda ya riga ya ci shari'a.

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji a makarantar nan ba, ku da kuka buɗe ido kuka tarar da benci kamar tare aka halicce shi da ɗan Adam. An ɗinka mini farar riga da wando. Na hau benci ƙafafuna suna lilo, ina jin kaina kamar alƙali. Malam Habibu ya gama darasin farko ya ce, akwai mai tambaya? Na waiga in ga ko tarko ne. Na yi ɗaya, ya amsa. Na yi ta biyu, ya amsa. Ranar nan tambaya goma sha ɗaya na yi, na koma gida bayana lafiya lau, har Inna, mahaifiyata, ta ɗaga mini riga ta duba don ba ta yarda ba. Cikin wata biyu na cika gida da Larabci. Akuyar Inna ma da Larabci nake korar ta daga bakin turmi, kuma na rantse muku ta fi jin sa da Hausa. Har yau in muka haɗu da 'yan ajinmu, masu furfura da masu sanƙo, sai wani ya kwaikwayi yadda Malam yake tura tabarau da ɗan yatsa kafin ya ce "madalla", mu yi ta dariya har jikoki su leƙo su ga ko lafiya.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, mu biyu aka sa a makarantar. Kullum bayan la'asar Baba zai samo wani aiki kusa da inda nake, ko gyaran ƙotar gatari ko tufkar igiya, kansa a sunkuye, sai in ji ya ce, "Kai, yau me aka ce?" In zuba masa duk abin da aka koya mana. Ina yi ina ganin leɓensa yana motsi.

Abin da ya fi komai burge ni a makarantar shi ne allon. Baƙi ne wuluk, katako huɗu aka haɗa aka kafe a bango, ya fi ƙyauren zaurenmu faɗi, Malam yana rubutu a kai da farin alli. A bakina kuwa kullum girma yake ƙarawa, har na gaya wa Iya cewa raƙumi zai iya ɓuya a bayansa da kayansa. Iya tana fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru. Kowace safiya Baffa kan yi mata rubutu a allonsa, a wanke ta sha, gwiwa ta ɗan lafa ta sake tashi. Wata ranar Talata ta yafito ni da mazari.

"Zo nan, mijin banza, wanda bai taɓa saya mini ko ɗankwali ba. Wannan allon naku, aya nawa yake ci?"

"Iya, sura guda yake haɗiyewa ya nemi ƙari."

Ta ajiye mazari. "Na Baffanka kuwa bai fi faifai ba. Ashe in na sha wankin naku sau ɗaya, na sha na wata guda ke nan." Ta jawo wata 'yar ƙwarya mai murfi daga bayanta. "Gobe ka wanko mini. Kada ka gaya wa Baffanka, zuciya gare shi. Dakuwa biyar."

Dakuwa biyar, 'ya'yana. Da dakuwa biyar a zamanin nan za ka iya sa ni in wanko ganuwar birni.

Larabar nan kuwa ni ke da aikin share allo bayan an tashi. Da safe Malam ya rubuta hadisi, na ce alhamdulillahi, dakuwa ta nuna. Sai aka goge aka yi nahawu. Aka goge aka yi hisabi. Da aka tashi, abin da ke kan allo tun daga sama har ƙasa shi ne gidan bakwai: bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu, har zuwa bakwai sau goma sha biyu. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina fatawa da kaina. Na ce ai hadisin safe bai tafi duka ba, dole albarkarsa ta shiga katako. Na ce kuma ai lambobin ma da rubutun Larabci aka yi su. Da na gama ba kaina hujja sai na jiƙa tsumma, na wanke gidan bakwai kaf, na matse a ƙwarya, na rufe, na kai gida ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Iya ta buɗe ta sansana. Mai kaɗi ce, yatsunta kullum cikin alli suke, ba a ɓoye mata shi.

"Alli nake ji."

"Ai da shi ake rubutun zamani, Iya."

Ta yi bismillah ta shanye, ta shafa sauran a gwiwa, ta ƙirgo mini dakuwata. Washegari, Allah shi ne shaida, matar da sai an kama ta take zuwa bakin rijiya ta ɗauki sandarta ta tafi kasuwa da ƙafarta. Masu ba da labari sun ce ta wuce wani mai keke a hanya. Ni ban gani ba, amma ban musa ba.

Tsohuwa kuwa in ta samu magani ba ta iya riƙe shi. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin unguwa sun fara shigowa ɗakin Iya da ƙoren da aka rufe da faifai. Mai ciwon baya, mai jiri, mai kunnen da ke ƙara. Ni kuma na karɓe aikin share allo daga hannun kowa a aji, har Malam Habibu ya tsayar da ni gaban yara ya ce su yi koyi da himmata. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, aljihuna cike da alkaki da aya da nakiya. Mako uku ina wannan sana'a. Wata ta sha nahawu. Wata ta sha rabon gado. Wata baiwar Allah ta sha taswirar hanyar Makka da Bahar Maliya a tsakiya, ta aiko a gaya mini maganin yana da kyau, sai dai ta ji gishiri-gishiri.

Baffa ba makaho ba ne. Ya ga tsofaffin da suka saba tsayawa a zaurensa karɓar rubutu yanzu gaisuwa kawai suke yi su shige ciki, su fito suna ɓoye ƙwarya a mayafi. Wata ranar Juma'a da hantsi ya tsayar da ɗaya, ya buɗe faifai, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Aka aika a kira ni, aka kira Baba. Na zo na durƙusa ina shirya ƙaryar da zan kare kaina da ita a kan dakuwa da alkaki, ashe shi ba nan ya dosa ba. Muryarsa ma a sanyaye take.

"Haruna, ranar da ba ka wanke allon ba, da me ake share shi?"

"Da tsumma, Baffa."

"Busasshe?"

"E."

"Garin allin ina yake zuwa?"

"Ƙasa yake zuba."

"Ko da aya aka rubuta?"

Na gyaɗa kai.

"Sannan ku bi ta kai da ƙafa."

Ku fahimci wani abu, don kada ku ɗauki Baffa mai neman rigima kawai. A gidanmu ruwan wankin allo ba a zubar da shi ko'ina. Ko a sha, ko a kai shi wani rami a gindin bango inda ƙafa ba ta zuwa. Takarda in tana da rubutu aka gan ta a ƙasa, a ɗauka a soke a tsagar bango. Haka aka tarbiyyantar da su, haka suka tarbiyyantar da mu. Da na ɗaga ido na dubi Baba sai na ga fuskarsa ta canza, ba don yayansa ya kama shi ba, shi kansa abin ya buge shi. Baffa ya ɗaga yatsa ɗaya. Baba ya juyo ya ce da ni, "Gobe za mu je ka kwaso littattafanka." Ranar nan ban ci tuwo ba, ni da ko zazzaɓi bai taɓa shiga tsakanina da tuwo ba.

Da safe muka ɗunguma. Baffa a gaba da carbi, Baba a bayansa, ni a bayan Baba ina jan ƙafa, sai kuma Iya, wadda ta ce ko za a yi me sai ta je ta yi wa mai allo godiya. Malam Habibu ya tare mu a ƙofar aji, ya durƙusa ya gai da manya, ya sa yara suka fita inuwa. Kafin Baffa ya buɗe baki Iya ta riga shi. Ta yi addu'a, ta yi godiya, ta ɗaga ƙafa ta lanƙwasa gwiwa ta miƙe don ya gani da idonsa. Malam ya dube ta, ya dube ni, ya sa aka warware masa zancen daga farko.

"Haruna," in ji shi, "ranar da ka fara kai wa Iya, me ke kan allo?"

"Hisabi, Malam."

"Wanne?"

"Gidan bakwai."

Malam ya cire tabarau ya juya ya fuskanci bango. Ba mu ji sauti ba, amma kafaɗunsa rawa suke yi. Yaran da ke leƙe ta taga kuwa ba su da wannan ladabin, sai da wani ya faɗo daga kan ɗan'uwansa.

"Me na sha?" in ji Iya.

"Lissafi, Iya," na ce, ina ja da baya.

Sandarta ta same ni a ƙeya kafin in kai ƙofa. "Ja'iri! Mijin tsiya!" Ta tsaya tana haki, can kuma sai ta gyara mayafi. "To ni dai da bismillah na sha, Allah kuma ya ga niyyata, gwiwa ga ta nan. Kuma shi ya sa! Tun ranar nan babu mai awon da ya isa ya tauye mini mudu."

Kowa ya yi dariya, har Baba sai da ya rufe baki da hannun riga. Baffa ne kaɗai bai yi ba. Ya taka zuwa gindin allo, ya sunkuya ya shafa ƙasa, ya ɗago yatsa fari fat ya nuna wa Malam Habibu.

"Wannan fa? Jiya me aka rubuta kafin ya zama wannan?"

Dariya ta ɗauke. Malam ya mayar da tabarau, ya ce a inda ya yi karatu malamai suna ganin harafi in an goge shi ya tashi daga harafi, saura gari kawai. Baffa ya kawo tasa. Suka koma Larabci, wannan ya jawo littafi wancan ya jawo wani, har tattabarun da ke kan soro suka gaji suka tashi. Ina tsaye ina addu'a Malam ya yi nasara. Sai na ga ya tsaya, ya daɗe yana kallon farin garin nan da sawun ƙafafunmu a cikinsa.

"Alaramma," ya ce, "ko da hujja tana wajena, ladabi yana wajenka. Wallahi ban taɓa lura ba sai yau. Na gode da ka nuna mini."

Baffa ya zo da shirin yaƙi, bai zo da shirin godiya ba, sai da ya ɗan rasa inda zai sa idonsa. Amma ya juya ga ƙaninsa.

"Ka ji da kunnenka, shi ma ya amsa. Abu ɗaya. Ɗauki yaro mu tafi."

Duk wannan muhawara Baba bai sa baki ba. Yana can jikin bango yana aune-aune, kamu ɗaya, kamu biyu, yana ƙwanƙwasa ginin da ɗan yatsa yana saurara. Ya juyo ya ce in Malam ya yarda, zai gina 'yar kwata a ƙarƙashin allon daga wannan gefe zuwa wancan, ya shafe ta da laso yadda ruwa ba zai tsotse ba, ya huda bango ta fita waje ta zuba a tulu. A daina sharewa da busasshen tsumma, a riƙa wankewa da ruwa. In tulu ya cika a kai gindin lemon da ke bayan aji, a kewaye shi da ƙaya. Ko ƙwayar gari ɗaya ba za ta taɓa ƙasa ba. Malam Habibu ya ce ya yarda tun kafin Baba ya rufe baki.

"Ba haka muka yi da kai ba, Ɗanjuma," in ji Baffa.

Baba ya durƙusa. Tun da nake ban taɓa jin ya musa wa yayansa ko a kan gishirin miya ba.

"Na sani, Yaya. Na yi alkawari gaban Iya, yau kuma zan saɓa shi. Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe mini. Ni abin da na iya ke nan, in an nuna mini inda ke yoyo in toshe. Ban taɓa kwashe mutanen gida don rufi na ɗiga ba. Yaron nan zai zauna."

Baffa ya dubi Iya, don ita ce shaida. Iya ta ɗaga kai tana duban azarar rufi kamar yau ta fara ganin azara.

"Ni tun da na sha lissafin nan," in ji ta, "kunnena bai cika ji ba."

Baffa ya tattara rigarsa ya fita, bai yi sallama da kowa ba.

Ni dai ban tsira haka kawai ba. Malam Habibu bai taɓa ni da bulala ba, abin da ya yi ya fi bulala. Ya sa na bi tsofaffin nan gida-gida ina gaya wa kowacce abin da ta sha. Na sha zagi, na sha dundu, biyu daga cikinsu kuma bayan sun gama zagin suka ce in an sake yin irin wancan darasin in tuna da su. Baba ya gina kwatarsa cikin kwana biyu. Ku da kuka zauna a aji ɗaya na makarantar kun gan ta, yanzu an shafe ta da siminti, kuna ajiye alli a ciki ba ku san ta taɓa raba gida ba.

Domin ta raba. Tun rasuwar mahaifinsu, Baffa da Baba a akushi ɗaya suke cin tuwo, a zaure, bayan magariba. Daga ranar nan Baffa ya ce a riƙa kai masa nasa ɗaki. Baba bai ce a rage tuwon ba. Kullum ni ke kai masa akushin da ruwan wanke hannu, ya zauna shi kaɗai, ya ci gefensa, ya bar gefen yayansa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, a mayar ciki. Da safe ya je ya durƙusa ya gaishe shi, Baffa ya ce "lafiya" ya ci gaba da jan carbi. Damina ta wuce a haka, aka yi kaka, aka shiga rani. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana na kasa jurewa, na ce masa in dai don ni ne, na haƙura, zan koma zaure. Bai ko ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba.

"Kai, yau me aka ce?"

Sai wata safiya muna tsakiyar darasi, inuwa ta rufe ƙofar aji. Baffa ne, da buzunsa a hammata. Malam ya yi maza ya jawo masa benci, Baffa ya dubi bencin kamar an miƙa masa kunama, ya shimfiɗa buzu a ƙasa can baya ya zauna. Har aka tashi bai yi tari ba. Ya ga an kawo ruwa an wanke allo. Ya tashi ya bi ruwan da ido cikin kwata, ya fita ya zagaya ya leƙa tulu, ya je gindin lemo ya taɓa ƙayar da ƙafar sandarsa. Ya naɗe buzu ya tafi. Na ruga gida na gaya wa Baba, ya ce in rufe bakina.

Bayan magariba na kai akushi zaure na ajiye. Baba ya buɗe ke nan sai ga Baffa ya shigo. Ya zauna a wurinsa na da, ya miƙo mini hannu, na zuba masa ruwa, rabi a hannunsa rabi a tabarma. Ya yi bismillah, ya yanki tuwo, ya kai loma uku.

"Kwatar nan taka ta karkace," in ji shi.

Ku sani, a duk birnin nan ba a taɓa cewa ginin kakanku ya karkace ba. Mutum ne da ke duban bango da ido ɗaya ya gaya maka inda zai tsage bayan shekara biyar. Kwatar nan kuma ni ke wanke ta kullum, ruwa gudu yake a cikinta kamar an kore shi.

"Ta karkace, Yaya?"

"Ta hagu. Ruwa na tsayawa."

Na buɗe baki in ce wallahi ba ya tsayawa, sai na ji Baba ya danne mini babban yatsan ƙafa da gwiwarsa har na ga taurari.

"Gaskiya ne, Yaya," in ji shi. "Ni ma na so in lura. Ko za ka zo gobe ka nuna mini wurin?"

Washegari da sassafe Baba ya sa gatari ya farfashe lafiyayyar kwata, ya kwaɓa sabuwar ƙasa. Baffa yana tsaye a kansa da lema, yana cewa ɗaga nan, sauke can, kai Ɗanjuma ba ka gani ne? Baba yana cewa to Yaya, to Yaya, yana mayar da ita daidai inda take, ko faɗin ƙwayar gero bai gusar ba. Ni ina miƙa laso. Da aka gama Baffa ya sa aka zuba ruwa, ya sunkuya ya bi shi da ido har ya faɗa tulu.

"Yanzu ta yi," ya ce.

Ya miƙe, ya gan ni tsaye da laka har gwiwar hannu, na saki baki ina kallonsu.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Ba ka ji an fara karatu ba? Wanke hannu ka wuce aji."